Darasi na 7: Ruwan Dam da Gishirin Gona

Kafin a fara karatu, a samo kofi ɗaya da bokiti ɗaya, a cika su da ruwa. A zuba gishiri cokali ɗaya a kofin, cokali ɗaya a bokitin, a motsa, kowa ya ɗanɗana. Na kofi zai yi zartsi har mutum ya yamutsa fuska, na bokiti kuwa da ƙyar harshe zai ji wani abu. Gishirin dai ɗaya ne, yawan ruwan ne ya bambanta.

Yawancin ruwan famfon birnin Kano daga kogi biyu ake ɗibarsa, Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda suke haɗuwa a wajen Tamburawa su gangara Wudil da Haɗeja. Kowannensu an datse shi daga sama. Dam ɗin Tiga an gama shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, na Challawa kuma da ke yankin Ƙaraye a 1992.

Dattawa za su tuna yadda kogin yake a da: ya cika ya batse da damina, da rani kuma sai yashi. Yanzu dam yana tare ruwan damina, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Da shi ne mutanen Kadawa da Kura suke noman tumatir da alkama da shinkafa da rani, alheri ne babba. Amma can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da take shayar da fadamu ta ragu, kuma da yake hanyoyin ruwan ba sa bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su.

To, ina gishiri ya shigo? Duk ruwan kogi akwai ɗan gishiri da kanwa a narke cikinsa, daga ƙasa da duwatsun da ya ratso. Ga kuma ruwan datti na gari da na masana'antun jima, inda ake amfani da gishiri sosai wajen adana fatu. Idan an saki ruwa mai yawa daga dam, kogin ya zama bokitin nan namu. Idan aka rage saki a tsakiyar bazara, ga rana tana shan nata rabon, sai ya koma kofi.

A gona abin ya fi ciwo, don a hankali yake zuwa. Manomi ya ga ruwa a kanal kamar kyauta, sai ya buɗe ya bar shi ya kwana a fage. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta haurowa, rana ta shanye shi, gishirin ya tsaya a sama. Wata rana da safe sai a ga bakin kunya ya yi fari kamar an barbaɗa toka, gefen ganye ya ƙone, shuka ta tsumbure ko da an zuba mata taki. Da yawa sukan ɗora wa iri laifi, alhali ƙasar ce ta yi kanwa.

Babban magani shi ne hanyar fitar ruwa. Ni a ganina, yashe magudana ya fi buhun taki daraja a irin wannan gona, domin idan ruwa ba shi da mafita, gishiri ma ba shi da ita. Aikin gayya ne, tunda magudanar mutum ɗaya ba ta amfani idan ta maƙwabcinsa a toshe take. Sai kuma ban ruwa daidai ƙishin shuka, da zuba takin gargajiya don ƙasa ta saki jiki.

Aikin gida: a zuba ruwan rijiya a baƙin faranti, ruwan famfo a wani, a ajiye su a rana har su bushe. A shafa yatsa a kowanne, sannan a rubuta jimla biyu a kan abin da aka gani, a zo da su aji mako mai zuwa.