Kurakuran da aka fi yi wajen ninke jakar zare ta takarda irin ta ƙasar Sin

A ƙauyukan lardunan Guizhou da Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, matan ƙabilu irin su Miao da Dong sun daɗe suna adana zare da allura da zanen surfani a cikin wata jakar takarda da ake kira zhen xian bao. Daga waje kamar littafi take, sau da yawa da bango na yadi mai rinin shuni, amma idan aka buɗe ta sai a tarar da ƙananan akwatuna a kwance, kowanne yana miƙewa idan an ja shi, kuma a ƙarƙashinsa akwai wanda ya fi shi girma. Ingancinta duka ya dogara ne ga akwatunan nan su buɗe su koma su kwanta ba tare da gardama ba.

Masu koyo sun fi yin tuntuɓe tun daga zaɓen takarda. Sukan ɗauki kwali don ganin ya fi ƙwari, alhali kwali yana tsagewa a kan kari, kuma yana kumbura har jakar ta ƙi rufuwa. Masu sana'ar na asali takardar da aka yi da hannu suke amfani da ita, siririya mai jure lanƙwasa. Wanda bai same ta ba ya nemi siririyar takarda mai ruwan ƙasa ta ƙunshe kaya, ya ninke gefenta gaba da baya sau da dama, idan ba ta fashe ba to ta isa.

Sai awo, wanda kuskurensa ba ya bayyana sai an zo haɗawa. Faɗin ƙananan akwatuna biyu dole ya yi daidai da na akwatin da za su hau kansa, don haka a fara da samfuri na takarda mai arha, a kuma danne kowane kari da bayan cokali.

Babbar ɓarna, a ganina, wajen gam take faruwa. Ana shafa shi da yawa, takarda ta jiƙe ta yi kumbo, ko kuma ya malala zuwa gefen akwati ya manne ɓangarorin da ya kamata su motsa. Gindin ƙaramin akwati kaɗai ake shafawa, a liƙa shi a kan marfi ɗaya na akwatin da ke ƙasa. Idan ya haɗa marafe biyu, an kulle wancan akwatin ke nan. Kafin gam ya kama, a buɗe komai a rufe don a tabbatar yana motsi, sannan a sa farar takarda a tsakani, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar shi ya kwana.

Masu ninkewa ba tare da gam ba kuwa, matsalarsu ita ce gajerun harsuna da takarda mai santsi. Harshen da za a cusa cikin aljihun maƙwabcinsa ya zama mai tsawo sosai, takardar kuma mai ɗan kaushi, in ba haka ba akwatin zai zame duk lokacin da aka ja shi.

Bango kuma a yanka shi daga ƙarshe, bayan an auna kaurin jakar da zare a cikinta, a bar wa ƙashin bayansa isasshen faɗi. Allura a soke ta a ɗan ƙyalle kafin a ajiye, don kada ta huda gindin akwati.