Kurakuran da ke ɓata gwajin filasta na gano abin da fata ba ta so

Amarya ta sha baƙin lalle ranar Alhamis, ran Lahadi hannu ya kumbura, ƙuraje masu ruwa sun bi zanen furen sak. Birkila kuwa tafin hannunsa ya tsage shekara da shekaru, kullum ana ce masa kirci ne. Duka biyun na iya zama ciwo ɗaya: fata ta ƙi jinin wani sinadari da ke taɓa ta. Hanyar gano sinadarin ita ce gwajin filasta, wanda likitan fata Josef Jadassohn ya fara a 1895. Ana zuba ɗan mitsitsin sinadarai a ƙananan faifai, a manna a gadon baya, a bar su awa 48. Aikin ba wuya, amma ɓata shi ma ba wuya.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a cire filasta a ga baya fes, mutum ya ce alhamdu lillahi, ya tafi bai dawo ba. Wannan ciwo ba irin borin jinin da ke tashi nan take ba ne. Ƙwayoyin garkuwar jiki sai sun ɗauki kwanaki kafin su taru a wurin. Shi ya sa ake duba baya sau biyu: ranar cirewa, sannan a rana ta 3 ko ta 4. Idan an manna ran Litinin, za a cire Laraba, a sake dubawa Alhamis ko Juma'a. Wasu sinadaran, kamar neomycin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da magungunan sitiroyid, sukan jinkirta har rana ta 7. Duba na biyun nan ne kuma yake bambance gaskiya da ƙarya, domin wurin da filasta ta ci kawai yakan lafa bayan an cire, na gaskiya kuwa ƙara tashi yake yi. Wanda ya zo daga nesa ya tanadi kuɗin mota na zuwa uku tun farko.

Sai ɓoye wa likita abin da ake shafawa. Da yawa daga cikin mayukan ƙaiƙayi da ake saya a kemis da mayukan bilicin suna ɗauke da sitiroyid, kuma aikinsa danne kumburin fata. Idan an shafa a baya, gwaji zai fito ba komai alhali akwai. A daina shafa su a baya aƙalla mako guda. Mai shan ƙwayar sitiroyid irin su prednisolone ko wanda aka yi wa allurar sitiroyid ya faɗa, kada ya daina da kansa. Ƙwayar ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine ba ta hana gwajin, ana iya ci gaba da ita. 'Yar'uwa, ba wanda zai yi miki faɗa kan man da kike shafawa, ki zo da shi a leda tare da sabulu da turare da dayis, har kwalayensu.

Kada a yi gwaji lokacin da ciwo ke kan ganiyarsa. Fatar da ta fusata takan amsa wa komai, sai a ga wurare biyar ko shida sun tashi, a hana mutum abubuwan da ba su da laifi. Haka bayan da rana ta ƙona. Mai ciki kuma yawanci akan jira ta haihu.

Zufa da ruwa su ne matsalarmu a nan. A watan Afrilu filasta kan saki kafin kwana biyu, don haka in da hali a zaɓi lokacin sanyi, ko a rage aikin ƙarfi. Alwala ba ta taɓa baya, amma ma'aurata su tsara kwanakin saboda wankan tsarki. Ko bayan an cire, kada a goge alamar da likita ya zana, a sa tsohuwar singileti saboda tawada.

Akwai kuskuren da ke wajen mai dubawa. An saba neman ja, a baƙar fata kuwa jan ba ya fitowa sosai. Sai an haska fitila daga gefe, an shafa da yatsa an ji tudu ko ƙananan ƙuraje. Wurin da ya tashi yakan bar baƙin tabo na wasu makonni ko watanni.

Gwajin gida fa? Kada ka kuskura ka ɗaure siminti, omo, fetur ko dayis a fatarka. Ƙuna za ka samu, ko ka koya wa jikinka ƙin abin da da bai ƙi ba. Man shafawa kaɗai ake gwadawa a gida: ɗan kaɗan a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, safe da yamma, mako ɗaya zuwa biyu, a tsaya da zarar ya tashi.

In sakamako ya fito, ka sa a rubuta maka sunan sinadarin da wuraren da yake ɓuya. Nikel, ƙarfen da ya fi kowane sinadari jawo wannan ciwo a duniya, yana cikin 'yan kunnen yayi da kan bel da agogo da maɓallin wando. Kuromet yana cikin siminti da takalmin fata da aka jeme da shi. Thiuram yana cikin safar hannu ta roba, shi ya sa wani birkilan ke sa safa ciwo ya ƙaru. Sinadarin PPD na baƙin lalle shi ne dai na rinin gashi, kuma wadda ta ƙi shi tana iya ƙin rinin wasu tufafi masu duhu. Jan lallen gargajiya da ake kwaɓawa daga ganye da wuya ya yi haka. A kwalin rini a nemi kalmar p-phenylenediamine, wato cikakken sunan PPD, in kwali babu rubutun sinadarai sam, a bar shi a shago.