Kafin ka koma Windows 11

'Yan uwa, ni dai na ce a koma. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro, sai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. In kana shiga asusun banki da kwamfutarka, kada ka yi sake.

Amma fara gwada ta da PC Health Check, manhajar Microsoft da ke duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11. Dole sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), kuma yawancin tsofaffin kwamfutoci masu processor na Intel ƙasa da ƙarni na 8 ba sa tsallakewa. RAM 4GB za ta ɗauka, sai dai za ka sha jira.

Kwashe takardunka a filas tukuna, ka cika batir, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. In Windows 11 bai yi maka ba, kana da kwana 10 ka koma tsohon.