Yadda Nake Ɗaukar Hoton Tsirya da Sauran Baƙin Tsuntsayen Jidda

Aikina tuƙi ne. Shekara tara ke nan ina jan motar wani gida a arewacin Jidda, kuma duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san rabinsa jira ne. Ka sauke yara a makaranta, ka jira. Ka kai uwargida kasuwa, ka jira. Wata safiya na ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya, gefen wani ɗan lambun unguwa irin wanda mutanen nan ke kira hadiƙa, sai ɓawon 'ya'yan itacen ya riƙa zubo mini a kan gilashi, ɗis, ɗis. Na leƙo na ɗaga kai, ban ga komai ba sai ganye. Ina shirin mayar da kaina ciki, wani ganyen ya karkato wuya ya dube ni, da jan baki.

Hoton da na ɗauka da waya ya fito kamar an shafa miyar kuka a bango. Amma ɗan bidiyon ya kama kukan, sai na tura wa kawuna da ke Shara Mansur a Makka, mutumin da ya bar ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Nan take ya bugo. "Kai ɗan nan, ai tsirya ce! Ita ke cinye mana kan dawa, mu wuni muna kaɗa gwangwani a gona. Ita ma hajji ta zo ta ƙi komawa?"

Kawu bai yi kuskure ba, sai dai da ɗan gyara. Wannan ɗan koren akun mai dogon bindi, wanda Larabawa ke kira durra, gida biyu gare shi: yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, da kuma Indiya da Pakistan. Na Jidda da Riyad jikokin na keji ne da suka tsere ko aka sake su, kuma yawancinsu jinin Indiya ne, sun ɗan fi namu girma, bakinsu ya fi ja. Haka suka yi a Landan da Amsterdam. Ba su da igama, wato takardar izinin zama, ba su da kafili, ba kuma wanda ya taɓa tare su a hanya.

To ga abin da na koya, kuma da wani ya faɗa mini tun farko da na huta da ɓata wata shida. Kada ka bi tsuntsu. Nemi bishiyarsa. Tsirya tana da fiffike, kai kana da takalmi, ba za ka taɓa cim mata ba. Amma tana da ciki, kuma cikin nan yana mayar da ita wuri ɗaya kullum muddin da abinci a wurin. Lokacin zafi tana kan dabino da darbejiya, da sanyi-sanyi ka neme ta a kurna, wadda suke kira sidir. Dubi ƙasa kafin ka dubi sama: inda ka ga 'ya'yan itace an gatsa rabi an yar, tsirya ce, domin ɓarnarta ta fi cinta. Sannan ka buɗe kunne. Ba ta iya tashi shiru, tun daga nesa za ka ji ƙararta mai kaifi, "kiyak, kiyak", kafin ka ga garken ya wuce kamar an harba kibau. In ka sami bishiyar, yi mako guda kana zuwa hannu rabbana, ba kyamara. Lura da ƙarfe nawa suke sauka, ta wane gefe suke shigowa, wane reshe suke fara taɓawa. Kusan ko da yaushe akwai wani busasshen reshe a can waje da suke tsayawa su duba gari kafin su nutse cikin ganye. Reshen nan shi ne hotonka. Cikin ganye kore ne a kan kore, ko kyamarar ma ruɗewa take yi ta kama ganyen ta bar tsuntsun.

Lokaci kuwa, daga fitowar rana zuwa awa ɗaya da rabi bayanta. A watan Janairu rana na fitowa wajen ƙarfe bakwai a Jidda, a Yuni kuwa shida saura ta riga ta leƙo. In ta ɗaga, haske ya yi fari fat, tsuntsaye su shige inuwa baki a buɗe suna haki. Safiyar Juma'a ta fi kowace: gari na barci, lambun ba kowa, ga ragowar shinkafa da burodin da iyalai suka bari daren Alhamis. Da yamma kuma rana teku take faɗawa, saboda haka ka ba teku baya ka fuskanci gari, hasken zai sauka a ƙirjin tsuntsun. Ƙa'idar ba ta da wuya: inuwarka ta miƙe gabanka tana nuna abin da kake son ɗauka.

Batun kaya ba zan daɗe a kai ba, don nan ne mutane ke zubar da kuɗi a banza. Waya ba ta isa ba, sai fa ga tsuntsun da ke yawo a ƙasa kusa da kai. Ni tsohuwar Nikon D5600 nake riƙewa da gilashi mai zum na 70-300mm, na hannu na saya, kuma irinsu ba sa yankewa a manhajar saye da sayarwa ta Haraj. Milimita 300 shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi maka aiki. Wanda ba ya son canje-canjen gilashi ya nemi irin Nikon P950 mai zum ninki 83, tana jawo abu daga nesa ƙwarai, amma tana son haske da yawa, kuma kama tsuntsu a sama da ita wahala ne. Kafin ka biya, cire gilashin ka haska shi da fitilar waya, ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo a ciki. In akwai, fumfuna ce, ajiye musu kayansu.

Da bakina na san wannan, domin nawa gilashin na farko a cikin durowar ɗakina ya yi fumfuna. Danshin Jidda ba ya wasa. Yanzu a cikin robar abinci mai murfi nake ajiye kayan, tare da tarin 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Danshin nan yana da wata muguntar kuma. Ran da na fara samun namijin tsirya a kan busasshen reshen, rana na dukansa daidai, baƙin zobe da ruwan hoda na wuyansa a fili, na fito daga mota mai sanyin na'ura na ɗaga kyamara, sai na ga hazo kawai. Gilashin ya yi gumi ciki da waje. Na goge da bakin riga, ya sake. Kafin ya washe an yi minti goma sha biyar, tsuntsun ya daɗe da kama gabansa. Maganin shi ne ka sa kyamarar cikin leda mai zif tun kana cikin sanyi, ka fito da ita a rufe, ka bar ta ta ɗauki zafin waje kamar minti ashirin kafin ka buɗe. Ni yanzu kashe na'urar nake yi da zarar yara sun sauka, in sauke gilasan mota. Kada dai ka bar ta cikin mota da tsakar rana.

Saitin kyamara abu huɗu ne. Juya ta zuwa S in Nikon ce, Tv in Canon ce, don kai ne za ka zaɓi saurin ƙiftawarta. Tsuntsun da ke zaune yana cin abinci, 1/1000 na daƙiƙa. Mai tashi, 1/2000 ko fiye, domin tsirya gudu gare ta. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, ya zaɓi kansa, amma ka yi masa iyaka, ni 3200 nake sawa, ƙananan kyamarori masu dogon zum kuwa hotonsu yakan fara yashi-yashi tun daga 800. Fokas ka sa mai bin motsi, AF-C a Nikon ko AI Servo a Canon, da ɗigo guda ɗaya, ka ɗora ɗigon a kan ido. In ido ya fito tar, an gafarta wa sauran jiki. In bai fito ba, goge kawai. Na huɗun shi ne ɗan maɓallin nan mai alamar +/- da mutane ba sa taɓawa. Samaniyar Jidda yawanci fara ce saboda ƙura da tururin teku, kyamara ta ga farin nan sai ta rage haske, tsuntsunka ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Ƙara +1, wani lokaci har +2. Abin da ya fi ma, matsa taku biyu ko uku gefe har bayan tsuntsun ya zama wata bishiya mai nisa ko katangar da ke inuwa. Kuma ka riƙa harbawa a jere, biyar ko shida, ka tsuke gwiwar hannu a haƙarƙari, in da bishiya ko jikin mota ka jingina.

In tsirya ta gajiyar da kai, koma kan maina. Ita ma 'yar Indiya ce, ruwan ƙasa, kai baƙi, baki da ƙafafu da fatar bayan ido rawaya, tana tafe tana taƙama kamar mai karɓar haraji. A wasu garuruwanmu darbejiya ma maina ake ce mata, don haka ina da hoton maina a kan maina. Ba tsuntsuwar arziki ba ce: tana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna a ƙasashen da suka mamaye, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2000, saboda tana ƙwace ramukan sheƙar wasu tsuntsayen. Amma wajen koyon hoto ba ta da na biyu, don ba ta tsoron mutum. Sirrinta ɗaya: sauka ƙasa. Hoton da ka ɗauka a tsaye, kana dubanta daga sama, hoton bayan kaza ne. Shimfiɗa kwali ka kwanta rub da ciki kusa da inda famfon ban ruwa ya jiƙa ciyawa, ka yi shiru. Wata Juma'a na yi haka, guda ta tako har ina jin ƙarar ciyawa a ƙafarta, ta karkata kai, ta soka baki ta zaro tsutsa, ta yi ta fyaɗa ta a ƙasa, ɗigon ruwa na rataye a gashin goshinta. Da wata mage ta ɓullo ta buɗe fiffike, fararen tabon nan biyu suka bayyana, a nan na danna. Wani ma'aikacin shara ɗan Bangaladash ya tsaya a kaina da tsintsiya, ya zaci faɗuwa na yi.

Hankakan Indiya kuma, mai tokar wuya, wanda jiragen ruwa suka yaɗa a tashoshin Bahar Maliya har da Bor Sudan, yana cike da bakin teku. Ya fi ka wayo. Kana ɗaga gilashi zai tashi, don haka ka zauna da kyamarar a fuska tun kafin ya sauka.

Yanzu maganar da ta fi duk saiti muhimmanci, musamman ga irinmu baƙi. Dogon gilashi a lambun da iyalai ke zaune abin zargi ne. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya da tara har riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamara, kuma ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a na 2019 sun sa tarar riyal 1,000 kan ɗaukar mutum ba da izininsa ba. Wata yamma wani mai gadi ya dafa kafaɗata ya ce in nuna masa abin da na ɗauka, don wata mata ta kai ƙara. Bishiyar da nake nufa tana bayan tabarmarsu ne, ni ban ma lura ba. Ya duba hoto kusan ɗari biyu, duk tsuntsaye, ya yi dariya ya miƙo mini, amma cikina ya ɗuri ruwa ranar. Tun daga nan ba na ɗaga gilashi ta inda mutane suke, ko da tsirya za ta yi rawa a wurin. Ina gaida mai gadi in nuna masa hotuna tun da shigata, igamata na aljihu, kuma ba na nufar gine-ginen gwamnati ko na tsaro.

Ba na watsa hatsi don jawo su, tattabaru da maguna ne za su cika wurin. In kuma ka je Makka ko Madina, ka tuna cikin harami ba a korar tsuntsu ba a firgita shi, ka ɗauka daga inda kake. Wanda ka gani ba ka san sunansa ba, manhajar Merlin kyauta ce, ka ba ta hoton ta kawo maka sunayen da suka yi kama. Da ka dawo gida ka zama marar tausayi wajen gogewa. Cikin ɗari uku, in na tsira da uku na gode Allah. Ka yanke hoton ka bar fili ta inda tsuntsun ke kallo, kada ka guntule bindin, shi ne fiye da rabin tsawonta na wajen santimita 40. Kada kuma ka ƙara kore har ta koma kamar ta roba.

Tun watan Fabrairu nake gadin wani rami a jikin mataccen dabino bayan makarantar yaran. Namijin yakan sauka a bakin ramin, ya yi ta gyaɗa kai, macen ta leƙo ya ɗura mata abinci baki da baki. Ita ba ta da zoben wuya, shi ma sai da ya kusa shekara uku nasa ya fito. Kwanci kusan kwana 23 ne, 'ya'yan kuma su yi wajen mako bakwai kafin su tashi. Daga cikin mota nake ɗauka, can tsallaken titi, gilashin a kan matashin da na ɗora a taga, kuma ban gaya wa kowa wurin ba, don 'ya'yan durra kuɗi ne a kasuwar tsuntsaye. Shekaranjiya wani ɗan kai ya leƙo, baki ja-ja, ido baƙi wuluk. Na ɗora ɗigon fokas a kansa ke nan waya ta yi ƙara, uwargida ce, wai in zo maza gas ya ƙare.