Baƙin shafen duwatsu da maganar rai a duniyar Mars: inda mutane ke yawan kwafsawa

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Mazugal wani ya karanto mana saƙon WhatsApp wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano halitta a Mars saboda an ga dutse mai wani irin shafe a jikinsa, nan fa musu ya kaure har shayi ya huce. To bari in ɗan warware inda ake kuskure.

Na farko, mutane suna ɗauka duk baƙin da ke jikin dutse shi ne abin da ake magana. A'a. Baƙin da kake gani a katangar gidanku bayan damina ko a wasu duwatsu inda ruwa ke zuba, galibi gansakuka ce da datti, ka sa burushi ya fita. Wanda ake kwatanta na Mars da shi kuwa shafe ne mai ƙyalli, baƙi-baƙi ko ja-ja, da ke manne wa duwatsun sahara kamar kafinta ya shafa musu mai. Yawancinsa yumɓu ne da iska ta kwaso, kusan kashi 70 cikin 100, sai tsatsar ƙarfe da ta wani ma'adini mai suna manganis. Kuma ba daga cikin dutsen yake fitowa kamar gumi ba, daga waje yake taruwa, shi ya sa manganis ɗinsa ya fi na ƙasar da ke kewaye da shi yawa nesa ba kusa ba.

Sai maganar lokaci, nan ne hankali ke tashi. A shekara 1000 abin da yake ƙaruwa sau da yawa bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Zanen raƙuman dawa na Dabous da ke ƙasar Azbin a Nijar, irin waɗannan tsofaffin sassaƙe-sassaƙen sahara da yawa ta kankare wannan fatar ake yin su har hasken dutsen ya fito. Amma kar ka ce tunda ya fi baƙi ya fi tsufa, an gwada auna shekaru da haka an sha ƙasa, danshi da ƙura da yanayin wuri duk suna canja lissafin.

Kuskure mafi girma shi ne cewa wai an tabbatar ƙananan halittu ne ke yin shafen. Gaskiya ana samunsu a ciki, a 2021 ma an wallafa bincike da ya nuna wata bakteriya mai suna Chroococcidiopsis tana tara manganis mai yawa a jikinta don kare kanta daga zafin rana, in ta mutu sai ta bar shi. Amma samun mutum a gida ba shi ne ya gina gidan ba ai. Akwai masana da ke ganin raɓa da ƙura da hasken rana kawai za su iya aikin, musun bai ƙare ba. Gyaran dai ka riƙa cewa mai yiwuwa suna da hannu.

To in a nan duniya da muke taɓa dutsen da hannu ba a gama ba, ina ga Mars? Motar binciken NASA mai suna Curiosity da ta sauka a ramin Gale a 2012 ta samu manganis mai yawa a wasu duwatsu, takwararta Perseverance kuma da ta sauka a ramin Jezero a 2021 ta ga duwatsu masu shafe shunayya-shunayya. Wannan na iya nuna an taɓa samun ruwa da wani irin yanayi, ba takardar shaidar rai ba ce. Ko dutsen nan na Mars da aka sa wa suna Cheyava Falls, mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa da aka gani a Yulin 2024, wanda mutane ke cakuɗa shi da maganar shafe alhali daban ne, abin da NASA ta ce a Satumbar 2025 shi ne mai yiwuwa alamar rai ce. Kalmar nan ta mai yiwuwa ita masu tura saƙo ke haɗiyewa.

Kuma an taɓa yin irin wannan. A 1996 aka ce an ga burbushin bakteriya a dutsen ALH84001 da ya faɗo daga Mars aka tsince shi a Antaktika, har shugaban Amurka na lokacin Bill Clinton ya fito ya yi jawabi, daga baya aka nuna siffofin na iya samuwa ba tare da rai ba. Samfurin Cheyava Falls kam yana can cikin bututu a Mars, ba wanda ya sa shi a na'urar ɗakin gwaji tukuna.