Kafin a kawo kwikwiyon cocker spaniel gida a Gombe

Cocker spaniel, wanda za mu riƙa kira koka a nan, ƙaramin kare ne mai dogayen kunnuwa da gashi mai santsi. Yawancin masu nemansa a Gombe hotonsa suka gani a waya, ko kuma yara suka gan shi a gidan 'yan'uwa a Jos ko Abuja suka dawo suna naci. Kafin a shiga ciniki, a san cewa kare ne mai kai shekara 12 zuwa 14. Yaron da ya roƙa yana aji uku na firamare zai gama sakandare ya tafi jami'a, karen yana nan gida yana jiran mai ba shi abinci da mai taje shi.

A Ingila aka raine shi don farautar tsuntsaye. Aikinsa ya kutsa cikin ciyawa da sarƙaƙiya ya tayar da tsuntsu, maharbi ya harba, shi kuma ya ɗauko. Halinsa duka daga nan ya fito: hancinsa kullum yana ƙasa, yana son ɗaukar abu a baki, kuma ba ya son nisa da mai shi. Iri biyu ne. Na Ingila ya fi tsawo da dogon baki, nauyinsa kilo 12 zuwa 15. Na Amurka ya fi gajarta da cikar gashi, kuma tun 1946 ake lissafa shi a matsayin iri na daban a can. A yanayinmu na Ingila ya fi sauƙin riƙewa saboda gashinsa bai kai na ɗayan yawa ba.

Idan gadi ake nema, maganar ta ƙare tun nan. Koka zai yi haushi in an taɓa ƙofa, amma da baƙo ya shigo sai ya tare shi da kaɗa wutsiya. Shi kansa abin sata ne.

Ina zai zauna, kuma wa ya yarda?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Karen gida da muka saba da shi yana iya kwana a ƙofar zaure, ya yi yawonsa, ya dawo. Koka ba haka yake ba. In aka ɗaure shi a bayan gida ko aka kulle shi a keji yini guda, zai yi ta kuka har maƙwabta su kawo ƙara, ya tauna duk abin da ya samu, ya rame. Babba ma bai kamata a bar shi shi kaɗai fiye da awa huɗu a jere ba, balle kwikwiyo.

Ga gidan Musulmi, a fara da hukuncin addini. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa lada kullum, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ajiye kare a gidajen cikin gari. Malamai da dama sun sassauta a kan gadi idan akwai buƙata, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Sai dai koka ba mai gadi ba ne, kuma abin da yake bukata shi ne zama cikin mutane. A je wurin malamin da aka amince da shi tun kafin a biya kuɗi. Gidan da ba zai iya barinsa ya kusanci mutane ba, kyautatawa ga dabbar ita ce kada a kawo ta. Iyalan da wannan bai shafa ba, kamar Kiristoci da yawa a Billiri da Kaltungo ko cikin garin Gombe, su ma su duba maƙwabta da baƙin da ke zuwa musu. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya ana bukatar yardar mai gida da ta sauran 'yan haya.

Sannan a tambayi uwargida da gaske, ba tambayar fita hakki ba. Maigida yana wurin aiki, yara suna makaranta da Islamiyya, ita ce za ta kwashe kashi da fitsari na watannin farko.

Zafi

A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yana kaiwa digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, ga shi wannan yana ɗauke da gashi mai kauri. Yana bukatar rumfa mai iska da daɓen siminti mai sanyi, ba ɗakin kwano a rufe ba, da ruwa a kwano biyu. Kare mai kilo 13 yana shan kusan kashi uku cikin huɗu na lita a rana, a bazara kuma ya wuce haka. Yawonsa na awa ɗaya a raba shi biyu, bayan asuba da gab da magariba. A ɗora bayan hannu a kan kwalta ko yashi, in ba a iya jure daƙiƙa biyar ba to zai ƙona masa tafin ƙafa.

Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In aka ga haki ya ƙi tsayawa, yawu yana dalala, harshe ya yi jawur, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan randa a jiki duka, a kunna fanka ko a yi masa fifita, a wuce wurin likitan dabbobi. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana riƙe zafin ne.

Gashi, kunne da kaska

Aikin koka na yau da kullum a nan yake, kuma a nan yawancin masu shi suke gajiya. Ana taje shi aƙalla sau uku a mako da matajin ƙarfe, har matajin ya taɓa fata. Wuraren da gashi ke dunƙulewa su ne bayan kunne, hammata, ciki da cinyoyi. Dunƙulen da aka bari yana jan fata, danshi ya taru a ƙarƙashinsa, ya zama gyambo ba a sani ba. Aski duk mako shida zuwa takwas, a rage gashin ƙasa-ƙasa amma ba tal-kwabo ba, don rana tana ƙona fatar. In babu mai askin kare kusa da ku, sai a sayi injin aski a koya.

Da kaka, ƙarangiya babbar abokiyar gabarsa ce. Fita ɗaya cikin fili ya isa kunnuwansa da ƙafafunsa su cika da ita. A cire ta nan take, a buɗa tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kuma tunda kowane rami da kowane tarin duwatsu sai ya sa hanci, a riƙe shi da igiya a gona ko bayan gari. Kudancin jihar ya shahara da kububuwa, har akwai asibitin saran maciji a Kaltungo.

Kunnensa a rufe yake, iska ba ta shiga, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Sau ɗaya a mako a ɗaga kunnen a duba, a sunsuna. Lafiyayyen kunne ba ya wari. In an ji tsami, an ga baƙin datti ko ja, ko yana ta kaɗa kai yana susa, ciwo ya kama. Wankewa haka take: a ɗiga ruwan wanke kunne na karnuka, a murza gindin kunnen na daƙiƙa 30, a bar shi ya kakkaɓe kansa, a goge abin da ya fito da auduga. Ba a tura tsinken auduga ciki, ba a ɗiga man ja ko man gyaɗa. Bayan wanka a tsane kunnuwan sosai. Kwanon abincinsa ya zama mai ƙaramin baki da zurfi, don kunnuwan su rataya a waje.

Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango da ƙasan tabarma, kuma cikin gashin koka ba a ganinta sai an lalubo da yatsa. Tana kawo zazzaɓin da ke cinye jini. Alamarsa kasala, ƙin abinci, dasashi ya yi fari, wani lokaci fitsari ya yi duhu kamar shayi. Likita zai ba da maganin kariya gwargwadon nauyin karen, akwai na wata ɗaya, akwai na wata uku, kuma dole a yi wa makwancinsa feshi. Kada a shafa masa fiya-fiya, ko baƙin mai, ko maganin wankan shanu a irin haɗin da ake yi wa shanu. Kwikwiyo da yawa ta haka suke mutuwa.

Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen yashi mai fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zama kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo, a matso ta a hankali a wanke wurin.

Saye da rigakafi

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. A je a gan shi da ido tare da uwar, kada a tura kuɗi a kan hoto. A duba dasashi ya zama ja-ja mai haske, ido ba kwantsa, kunne ba wari, ciki bai kumbura kamar tulu ba, ƙasan wutsiya ba alamar zawo. A kalli halin uwar, domin karya mai tsoro ko cizo takan gadar wa 'ya'yanta. A tambayi ko akwai makanta a danginsu, don koka yana gadon ciwon ido da yanar ido, na Ingila kuma akwai ciwon ƙoda na gado. Katin rigakafi ya kasance da lambar kwalba a manne da sa hannun likita.

Allurar haɗaka, wadda ta ƙunshi ta cututtukan karnuka irin su fabo da distemfa, ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita a mako 10 zuwa 12, sannan a mako 14 zuwa 16. Ta ciwon haukar kare a wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana sarrafa wannan allurar. Allurar da ta kwana ba sanyi ruwa ce kawai, don haka a yi ta inda ake da firji mai aiki. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har wata uku, duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku.

Fabo ce ke kashe 'yan kwikwiyo da amai da zawon jini mai ƙarni, kuma ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa. Kafin allura ta cika kada ya taka titi. In wani kare ya taɓa mutuwa da ita a gidan, a wanke daɓe da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Idan kuma kowane kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Ci da tarbiyya

Ana ba shi abinci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, sannan sau biyu. Babba yana cin busasshen abincin karnuka gram 200 zuwa 250 a rana, wato buhu mai kilo 15 zai kai wata biyu. A tambayi kuɗin buhun a ninka shida, a ƙara allurai da maganin kaska da aski da zuwa asibiti ba shiri, wannan shi ne kuɗin shekara. Tuwo da miya kaɗai ba sa gina ƙashin kwikwiyo, kuma miyarmu tana da albasa da tafarnuwa masu lalata masa jini. Goro, cakulan, inabi da zabibi guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza yana huda hanji, farasitamol da ibufurofen kuma ba a ba shi sai da umarnin likita. Koka makwaɗaici ne, in kowa yana jefa masa loma zai yi ƙiba, ƙiba kuwa a zafin Gombe wahala ce.

Tun ran gini tun ran zane. A fitar da shi wuri ɗaya don kashi da fitsari duk awa biyu, da bayan barci, da bayan cin abinci, a yaba masa in ya yi a wurin. Duka ba ya yi masa amfani: zuciyarsa ba ta da ƙarfi, wanda aka saba duka yakan tsuguna ya saki fitsari da an matso, ko ya fara cizo don tsoro. Wasunsu suna da rowar abin da suka ɗauka, takalmi ne ko ƙashi. Kada a fizge, a miƙa masa ɗan nama ya saki da kansa. Yara su san ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a jan kunnensa, kuma ɗan ƙasa da shekara shida ba a barinsa da kare su biyu. Gidan da ake kiwon kaji da zabbi a raba su da shinge, don jininsa na farautar tsuntsu ne. Mace tana shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, na mako uku, karnukan unguwa su taru a ƙofa. A yi shawara da likita a kan yi mata aikin hana haihuwa.

Wanda ya karanta wannan ya ga aikin ya fi ƙarfin gidansa, karen gida mai gajeren gashi da miƙaƙƙun kunnuwa yana jure zafi, yana gadi, kuma da allura da abinci mai kyau yana sabo da yara sosai. Wanda kuma ya ga zai iya, ya kawo kwikwiyon tsakanin Nuwamba da Janairu, don allurai su cika kafin bazara. In daga Jos za a taho da shi ta Bauchi, a kama hanya da sassafe, a cikin mota kusa da mutum, ba a but ba, a tsaya a ba shi ruwa ba tare da an sauke shi ƙasa ba. A shimfiɗa masa tsohon bargo saboda sanyin daren hunturu, a ci gaba da irin abincin da ya saba na mako guda, a kai shi wurin likitan dabbobi cikin kwana biyu da isowarsa.