Idan za ki kai kayan Sallah makarantar yara a Ingila

Assalamu alaikum iyaye mata. Duk mai son 'ya'yanta su yi bikin Sallah da 'yan ajinsu, kada ta jira sai an ga wata. Tun tsakiyar azumi ki rubuta wa malamar ajin, ki bayyana mata cewa watanmu kwana 29 ne ko 30, shi ya sa ranar ba ta tabbata sai daf. Doka ta ba yaro damar hutawa ranar Idi, amma ki sanar da su. Bikin ajin kuma a sa shi bayan Sallah.

Babban abin lura shi ne gyaɗa. Makarantu da yawa sun hana ta saboda yaran da jikinsu ba ya ɗaukarta, wasu har numfashinsu ke sarƙewa. Don haka ban da ƙuli-ƙuli, ban da yajin tsire, ban da man gyaɗa. Cincin da dubulan sun wadatar, ki soya da man masara, ki rubuta abin da ke ciki, har ƙwai da madara.

Lalle kuwa ja, da izinin iyaye, don baƙin yakan ƙona fata. Ni har hawaye na yi ranar da 'yata ta tsaya gaban aji cikin atamfarta tana koya musu "Barka da Sallah".